Kafin a Ɗauke Tsohuwar Kwamfuta

A zangon karatun da ya gabata wata makarantar firamare a yankinmu, wadda ba za mu kama sunanta ba, ta samu sabuwar kwamfuta. Duk wanda ya san yadda muke aiki a Wurogauri da ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo ya san irin murnar da aka yi ranar. Tsohuwar ta daɗe tana hidima, ƙurar hunturu ta cika mata ciki, idan aka kunna ta sai mutum ya je aji ya kira suna ya dawo kafin ta gama farkawa. Mai haɗawa ya zo daga Birnin Kebbi a kan babur, kwali ɗaure a bayansa, yana sauri domin akwai wasu makarantu a gabansa kafin la'asar. Ya tambayi hedimasta ko akwai abin da ake so a cikin tsohuwar. Hedimastan bai fi wata biyu da zuwa makarantar ba. Ya dubi fuskar kwamfutar ya ce a kwashe duk abin da ke kai. Cikin minti goma aka kwashe, aka zuba a sabuwa, aka yi wa tsohuwar fomatin nan take domin 'yan aji shida su riƙa koyon taɓa madannai da ita. Aka yi godiya, aka raka baƙo har bakin hanya.

Bayan mako uku lokacin haɗa sakamako ya yi. Malamar aji shida ta zauna ta danna abin da ta saba dannawa, sai na'ura ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Ashe abin da aka kwafo alama ce kawai, irin mai 'yar kibiya a gefe, wadda aikinta nuna hanya zuwa inda fayil yake. Shi kuwa fayil ɗin yana can cikin wata jaka a tsohuwar na'ura, an kuma shafe shi tun ranar murna. Makin gwaji na zango biyu na aji huɗu zuwa aji shida ya tafi, tare da jerin sunayen yara da ranakun haihuwarsu, da tambayoyin jarrabawa da malamai suka shekara suna tarawa. Wasu makin an tsince su a littattafan aikin yara, wasu a 'yan takardun da ke aljihun jakar malamai. Sauran kuwa, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, ƙiyasi aka yi. Akwai yaron da ya ɗauki sakamakon da ba nasa ba ya kai gida, mahaifinsa ya yi masa faɗa ko ya yaba masa a kan lissafin da babu tushensa.

Daga ƙarshe takardar tuhuma ta zo, ta sauka a kan wani matashin malami da ake kira malamin kwamfuta. Babu wasiƙar da ta ba shi wannan matsayi, babu kwabon alawus a kansa. An laƙaba masa sunan ne saboda ya fi kowa saurin bugawa. Ranar da aka yi canjin ma ba ya makaranta, ya kai matarsa asibiti. Wannan takarda ita ce ta sa muka ga ya kamata maganar ta shigo wannan shafi, domin daga lokacin da sakacin tsari ya zama laifin malami guda, magana ta zama ta ƙungiya.

Babu mugu a cikin labarin nan. Mai haɗawa ya yi abin da aka ce ya yi, hedimasta ya faɗi iyakar abin da ya gani da idonsa. Abin da babu shi ne ƙa'ida, kuma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mu malamai mun fi kowa sanin ƙa'idar miƙa aiki. Idan aka yi wa shugaban makaranta canjin wuri, ba ya tafiya sai ya rubuta takardar miƙa aiki. A ciki ana ƙirga benci da tebur, har da masu karyayyar ƙafa. Ana ƙirga rajistar kiran suna, da rajistar ɗaukar yara, da littafin tarihin makaranta, da littafin baƙi, da makullan kwabad. Mun taɓa ganin takardar da aka sa har tsohon wilin motar da ake bugawa a tashi tara. Mai karɓa ya bi ya duba ɗaya bayan ɗaya, su sa hannu su biyu, mai duba makarantu ya shaida. Idan aka zo kan na'ura kuwa sai a rubuta layi guda: kwamfuta ɗaya, tana aiki. Wato an ƙirga akwatin, ba a buɗe shi ba, alhali abin da ke ciki ya fi akwatin daraja nesa ba kusa ba.

Mu tsaya mu tuna abin da muka zuba a cikin waɗannan na'urori a 'yan shekarun nan. Kowace shekara ana cike bayanan ƙidayar makarantu. Hukumar UBEC ta yi ƙididdigar ma'aikatan ilimi a matakin farko a 2018, ta sake a 2022, kuma kowane zagaye sai an tattara sunayen malamai da takardunsu. Rajistar TRCN, hukumar da aka kafa da doka tun 1993, ta koma kan intanet. Duk lokacin da aka kira tantancewa, mukan kwashi takardar kama aiki, da ta tabbatar da aiki, da ta ƙarin girma, da shaidar NCE, a ɗauki hotonsu a ajiye a kwamfutar makaranta, tare da lambar BVN da ta NIN da lambar asusun albashi. A gefe guda kuma ga bayanan yara: suna, shekaru, sunan uba, unguwa, wani lokaci har da hoto. 'Ya'yan makiyaya da kan bi shanu su ɓace mana wata uku su dawo, sau da yawa a nan ne kaɗai ake samun inda kowannensu ya tsaya. Duk wannan yana cikin na'ura guda da mutum goma ko fiye ke taɓawa, da suna guda, da kalmar sirri guda, wadda a wasu makarantu ma an rubuta ta da alli a jikin bango.

Ya dace mu fahimci yadda na'urar ke ajiya, ko da sama-sama ne, domin rashin wannan fahimta ne ya jawo asarar da muka ambata. A tsarin Windows, wanda yawancinmu ke amfani da shi, kowane mai shiga yana iya samun asusunsa, kuma kowane asusu yana da babbar jakarsa a ƙarƙashin wata jaka mai suna Users. Abin da muke gani a fuskar kwamfuta jaka ɗaya ce tak daga cikin jakunkunan wannan asusu. Akwai ta takardu, akwai ta hotuna, akwai ta abubuwan da aka sauko da su daga intanet, inda yawancin fom-fom da wasiƙun da aka turo mana suke kwance ba tare da kowa ya tuna ba. Akwai kuma wata mai suna AppData wadda na'ura ke ɓoyewa da gangan, a can ne manhajoji ke ajiye saitinsu da abin da suka tuna game da mai aiki da su. Bayan wannan, masu gyara sukan raba rumbun ajiyar kwamfuta gida biyu, wani malami ya riƙa ajiye aikinsa a ɓangare na biyu ba tare da ya gaya wa kowa ba, don gudun kada a taɓa masa. Saboda haka wanda ya ce a kwashe abin da ke kan fuska kamar wanda zai tashi daga gida ne ya kwashe kayan zaure ya bar na ɗakuna.

Akwai kuma abin da ko an kwafa ba ya bi. Kalmomin sirrin da manhajar Chrome ta haddace an ɗaure su da asusun da aka ajiye su a kansa, a wannan na'ura. Idan aka kwafi jakar aka kai wata kwamfuta, ba za su buɗe ba. Makarantu da yawa ba su san kalmar sirrin adireshin imel ɗinsu ba, na'ura ce ta sani, ta shekara da shekaru tana shigar da su ba tare da ta tambaya ba. Ranar da aka shafe ta sai ƙofa ta rufe. A nemi sabunta kalmar, a ce an tura lamba zuwa wayar da aka yi rajista da ita, a duba a ga wayar tsohon hedimasta ce da aka mayar wata ƙaramar hukuma, ko wanda ya yi ritaya, ko wanda ya riga mu gidan gaskiya kuma layinsa ya daɗe da mutuwa.

Malaman Hausa suna da nasu ciwon na daban, kuma mun daɗe ba mu ji an yi maganarsa ba. Shekarun baya, kafin haruffanmu masu ƙugiya su samu gurbi a kowace na'ura, masu buga takardu sukan sa wani salon rubutu na musamman wanda ke aron wata alama ya nuna ta a matsayin ƙ ko ɗ ko ɓ. Muddin salon yana cikin kwamfutar, takarda za ta fito tsaf. Da zarar an kai fayil ɗin inda babu shi, sai ƙugiyoyin su koma baka-biyu da wasu alamomi marasa ma'ana. Mun ga takardar jarrabawar da aka buga aka raba wa yara a haka, malami na bin benci-benci da biro yana gyara ƙasa da ɗaki da ɓera. Maganin ba shi da wuya: a kwafo salon rubutun tare da fayilolin, sannan daga yanzu a kunna madannan Hausa da ke cikin Windows a riƙa bugawa da su, domin haruffansu ba sa rikiɗa duk inda aka kai su. Haka malaman Larabci, sai an tuna an kunna musu nasu madannan a sabuwar na'ura, in ba haka ba za su zauna su tarar ba abin da za su iya rubutawa. Mai haɗawa da ke sauri ba zai san wannan ba sai an gaya masa, kuma ba za a gaya masa ba sai an tara malamai an tambayi kowa abin da yake aiki da shi.

Wannan duk a kan abin da ya kamata ya bi mu ne bai bi ba. Ɗaya gefen ya fi shi haɗari, wato abin da ya kamata ya ɓace amma ya zauna. Da yawa cikinmu sun ɗauka idan aka goge fayil ya tafi ke nan. Gogewa ta yau da kullum, har ma da fomatin na gaggawa da masu gyara suka fi yi, ba sa cire rubutun daga rumbun ajiya. Suna cire sunansa ne daga jeri, su bar gurbin a buɗe don wani abu ya hau kai. Kafin wani abu ya hau, mai ɗan sani zai iya dawo da shi da manhajar da ake samu kyauta. A nan akwai abin takaici ga makarantar da muka ba da labarinta: da a makon farko aka gane asarar aka kashe tsohuwar na'ura aka kai ta wurin masani, da wataƙila an ceto wani abu, amma yara sun yi mako uku suna aiki a kanta. Akwai kuma abin tsoro ga sauranmu. Tsohuwar kwamfutar da aka ba mai gyara, ko aka jefa a sito, ko ta bi hannu ta faɗa kasuwa, tana iya tafiya da hoton takardunmu da lambobin bankinmu. Mun san yadda 'yan damfara ke kiran mutum su karanta masa sunansa da ranar haihuwarsa da lambar BVN ɗinsa har ya sakankance cewa daga banki ne, ya ba da abin da ya rage da bakinsa. Albashin malamin firamare bai kai a yi wasa da shi haka ba.

Ko na'urar ba ta bar makaranta ba, asusu guda ga kowa fitina ce. Malama ta shiga imel ɗinta ta manta ba ta fita ba. Wani ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfuta don ya sauko da wata wasiƙa, ya tashi ya tafi, saƙonnin iyalinsa suna ta shigowa a gaban duk wanda ya zauna bayansa. Maki ya canja tsakanin Alhamis da Litinin, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya taɓa, sai zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka shekara goma suna shan fura a kwarya ɗaya. Mun ga zumuncin ɗakin malamai ya lalace a kan irin wannan, har ta kai matan gida sun daina gaisawa a wurin suna.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su daga ɓata da kuma faɗawa hannun da bai dace ba, ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, ta kuma ce idan aka samu ɓaraka mai haɗari ga masu bayanan a sanar da hukumar cikin awa 72. Makaranta mai riƙe da bayanan ɗaruruwan yara ba ta fita daga wannan nauyi ba don tana ƙauye. Abin da muke gudu shi ne ranar da za a zo neman wanda za a ɗora wa laifi, domin mun san inda tuhuma ta saba sauka. Icen da ya fi gajarta shi akuya ke ci.

Kada kuma a ɗauka wannan abu ne da zai faru jefi-jefi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma tsayar da kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin na'urorinmu ba su cika ba. Ma'ana, ko muna so ko ba ma so, kwamfutocin makarantu da na ofisoshin ilimi za su yi ta sauyawa a shekarun nan, wasu da sababbi, wasu da na hannu da aka shigo da su daga waje. A da akwai wata manhaja a cikin Windows 7 da ke kwashe asusun mutum gaba ɗaya ta kai wata na'ura, amma an cire ta tun daga Windows 10. Manyan ma'aikatu suna da ƙwararru da kayan aikin da ke yi musu wannan. Mu ba mu da su, don haka abin da zai tsaya mana a madadinsu shi ne takarda da biro da mutum biyu masu haƙuri.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce ana maganar kwamfuta alhali akwai azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, yara na zaune a ƙasa, ga ƙarin girman da aka yi a takarda bai shiga albashi ba. Makarantu nawa ne ma a yankin nan ke da na'urar, balle wutar kunna ta? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ajiye waɗancan buƙatu ba. Sai dai makarantar da ba ta da kwamfuta ma bayananta suna cikin kwamfuta: ko ta ofishin da ke sama da ita, ko ta cinya ta wani malami, ko ta mai shagon buga takardu a Gwandu ko Kalgo ko Birnin Kebbi, inda muke barin filas ɗinmu mu dawo da shi cike da ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayiloli alamomin banza. Ƙarin girman da muke kuka a kansa, sau nawa aka ce mana a sake kawo takardu domin waɗanda muka kawo bara ba a gan su ba? Kowane sake-kawo kuɗin mota ne, da kuɗin hoto, da yini guda da aji ya zauna babu malami. Matar abokin aikinmu da ya rasu, wadda ke bin haƙƙin mijinta da marayu a hannu, ita ta fi kowa sanin darajar fayil ɗin da bai ɓata ba. Ga shi kuma, a cikin dukan buƙatunmu, wannan ce kaɗai ba ta cin ko sisi.

Wasu kuma za su ce raba asusu alamar rashin yarda ce, mu da muke 'yan'uwa. Ai kowane malami yana da rajistar ajinsa, ba wanda ya taɓa cewa hakan rashin yarda ne. Buɗe asusu a kwamfuta bai wuce minti biyar ba. Kowa ya samu nasa da kalmar sirrinsa, asusun da ke da ikon sa manhaja da cirewa ya zauna hannun shugaban makaranta da mutum ɗaya da aka naɗa a rubuce, abin da ya shafi makaranta baki ɗaya kuma a ajiye shi a jaka guda ta kowa da kowa wadda aka san sunanta da inda take. Masu cewa za a manta kalmar sirri, mu tambaye su ko sun taɓa manta lambar katin cirar albashi.

Akwai dattawanmu da ke cewa a koma takarda a huta. Muna tare da su rabin hanya. Rajistar takarda ce ta ceci abin da aka ceto a labarin nan, kuma ba mu goyon bayan duk wanda zai ce a daina cike ta. Amma mu mutanen Kebbi mun san abin da ruwa ke yi wa takarda, ambaliyar 2020 ba ta yi nisan da za mu manta ba, gara da ɓera kuma ba sa jiran damina. Abin da masana harkar suka daɗe suna ba da shawara shi ne kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A wurinmu wannan na iya zama kwamfutar kanta, da filas ko rumbun ajiya na waje da ke kulle a kwabad ba ya zuwa shagon kowa, da kuma kwafin da aka buga a takarda ko aka ɗora a asusun intanet na makaranta. Mun ce na makaranta, da layin waya na makaranta da ake miƙawa tare da makullai, domin asusun hedimasta na kansa zai bi shi duk inda aka kai shi.

Wannan ƙasa ta Gwandu ba baƙuwa ba ce ga aikin kwafe. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu, sun iso gare mu ne ta hannun marubuta da suka yi ta kwafe su da tawada da alƙalami, daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa, kusan shekara ɗari biyu. Waɗannan mutane suna da wata al'ada da suke kira muƙabala. Idan an gama kwafe ba a cewa an gama sai an zauna mutum biyu, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon da ido, layi bayan layi, ana gyara abin da hannu ya tsallake. Sau da yawa mai kwafe yakan rubuta sunansa a ƙarshe, domin a san wanda ya ɗauki nauyin aikin. Ba a jefar da asali don an samu sabo. Abin da muke nema a yi wa kwamfuta ke nan ba ƙari: a buɗe fayil a sabuwa a ga ya buɗe, a gwada shi da na tsohuwa, a ƙirga, a sa hannu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshenmu da su ɗauki maganar zuwa ga hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu, daga nan zuwa jiha, a nemi a fitar da wasiƙar umarni. Ta ce ba za a canja ko a yi wa kwamfutar makaranta fomatin ba sai an ba malamai sanarwar aƙalla mako guda, kowa ya rubuta abin da yake da shi a ciki da inda ya ajiye. Ta ce takardar miƙa aiki ta ƙunshi shafi na musamman a kan jakunkuna da asusu da layin wayar da ke riƙe da su. Tsohuwar na'ura kuma a kulle ta zango guda cur kafin a taɓa ta, domin sai an zo haɗa sakamako ake sanin abin da ya ɓata. Idan lokacin shafewa ya yi, a yi shafewa mai zurfi wadda ke bin rumbun gaba ɗaya, a gaban shaida, ko da za ta ci yini. Abin da ya fi mana muhimmanci a matsayinmu na ƙungiya shi ne kada a ƙara tuhumar malami a kan na'urar da ba a ba shi amanarta a rubuce ba. Wanda za a ba, a ba shi da wasiƙa, a koya masa aikin, a rage masa wani nauyin. Ƙungiyarmu ta NUT tun 1931 take wannan irin aiki, kuma gwamnan jiharmu, Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, shugabanta ne na ƙasa kafin ya hau mulki a 2023. Ba sai an yi wa gidan gwamnati tafinta ba idan aka ce takardar miƙa aiki.

Mu ma akwai namu. Da yawanmu mun mayar da kwamfutar makaranta ma'ajin hotunan biki da wa'azi da finafinai, har wurin aiki ya cike. Muna sa wa fayil suna irin su sabo, da sabo na biyu, da na ƙarshe, da na ƙarshe na gaskiya, yadda ko mai shi ba zai gane ba bayan wata uku. Suna mai ɗauke da aji da zango da shekara ba ya cin lokaci. Mu da muka haura arba'in kuma mu daina fakewa da cewa wannan aikin yara ne, muna tura wa matasa komai sannan mu bar su su kaɗai ranar tuhuma. Lokacin da muke kwalejin ilimi ba a koya mana wannan ba, gaskiya ne, amma ba a koya mana tura kuɗi ta waya ba, ga shi mun iya. Kafin wasiƙar umarni ta fito, kowannenmu zai iya shiga ɗakin hedimasta a makon nan ya cire takardunsa na sirri daga na'urar kowa da kowa, ya fita daga imel ɗinsa, ya duba wayarsa ya yanke duk kwamfutar da WhatsApp ɗinsa ke haɗe da ita.

Matashin malamin nan ya amsa takardar tuhumarsa, 'yan'uwa sun taya shi rubutawa, amma har yanzu tana cikin fayil ɗinsa, kuma za ta fito ranar da za a duba ƙarin girmansa. Muna roƙon sakataren reshe ya sa batun cire ta a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, ya kuma nemi kowane wakilin makaranta ya zo da amsar tambaya biyu: mutum nawa ke shiga kwamfutar makarantarsu da suna guda, kuma layin wa ke riƙe da imel ɗinta.